Murhun Abu Nawaf da Ƙirjin Baba Sha'aibu

Ba wanda ya gaya mini ana sanyi a Riyad. Mutumin da ya yi mini hanyar biza a Kano zafi kawai ya yi ta ja mini kunne a kai, don haka jakata babu komai sai riguna shara-shara da silifa. Ya kuma ce direban kamfani zan zama, ga ofis ga hutun Juma'a. Da na sauka sai na tarar kamfanin mutum ɗaya ne, sunansa Abu Nawaf, ofishin kuwa ƙofar gidansa ce a unguwar Suwaidi. Fasfona ya faɗa aljihunsa tun a filin jirgi. Sunana Sabi'u, amma a gidan nan Muhammad nake, domin a wurinsu duk baƙin mutum mai jiran albashi Muhammad ne.

Aka nuna mini wani ɗan akurki a jikin katanga, kusa da get, aka ce nan ne makwancina. Da bazara ɗakin nan tanda ne, da hunturu kuma ko firjin mai kifi albarka. A ciki na tarar da Baba Sha'aibu, wani dattijo mutumin Tasawa ta ƙasar Maraɗi, shi ke buɗe get, shi ke ban ruwan shuke-shuke, shi ke wanke motoci. Ranar da na zo ya dube ni ina rawar ɗari, ya yage bargonsa biyu ya miƙo mini rabi.

Baba Sha'aibu ya yi shekara fiye da goma a Saudiyya, amma ƙafarsa ba ta taɓa taka Makka ba, ko da umara. Kafilinsa na farko, wato maigidan da ya yi masa biza, kiwon raƙuma ya kai shi can cikin sahara, inda ba hutu ba mota. Na biyu ya yi ta ce masa baɗi har Allah ya karɓi abinsa. A gida kuwa tuni kowa Alhaji yake ce masa, in an bugo waya har jikokinsa haka suke kiransa, shi kuma yakan ji abin kamar an zage shi. Abu Nawaf ne ya yi masa alkawari a gaban mahaifiyarsa cewa bana zai nema masa tasrihi, wato takardar izinin hajji, ya biya masa mota, ya ba shi hutu. A kan wannan alkawari tsohon yake kwana yake tashi.

Mahaifiyar tasa, wadda muke kira Mama, ita kaɗai ce a gidan ta san muna da ciki. Takan aiko mana da dabino da ragowar shinkafar kabsa tun da zafinta, ba wadda ta kwana ba. Tana fama da fuka, sanyi ba ya yi mata daɗi, hayaƙin gawayi kuma ya fi sanyin muni.

To, a wani hutu da Abu Nawaf ya je Turai sai ya ga wani murhun ɗumama ɗaki, ya dawo ba shi da zance sai nasa. Ya sa aka auno masa guda biyu, babba da ƙarami. Abin kamar ƙaramin firji yake, da tagar gilashi da ake hango wuta, da bututun da ke fitar da hayaƙi waje. Ba ya cin itace, ba ya cin gawayi. Abincinsa garin katako ne da inji ya matse ya zama 'yan ƙwayoyi, in ka gan su ka rantse kashin awaki ne. Ana zuba su ta sama, a jona lantarki, murhun ya riƙa ɗiba da kansa yana jefa wa wuta kaɗan-kaɗan. Aka kafa babban a sashen Mama, tsohuwa ta ji ɗumi ta yi ta sa albarka. Ƙaramin aka jingine shi a sito.

Buhunan da suka zo tare da murhun ba su da yawa, kafin sanyi ya kai tsakiya sun kusa ƙarewa. Mutumin da ya iya ɗauko ƙarfe tun daga Turai sai ga shi yana ƙyashin sake auno abin da zai ƙone ya zama toka. Ya kira ni ya zuba mini 'yan ƙwayoyi a tafin hannu.

"Muhammad, ruh suk. Jib sem-sem. Rakhis, fahamt?"

Wato in shiga kasuwa in nemo irinsa sak, kuma mai araha. Haka na kama yawo a birnin Riyad da kashin awaki a aljihu ina nuna wa mutane.

Zangon farko wani shago ne aka kwatanta mini a arewacin gari. Na shiga na ji ƙamshi da sanyin na'ura, na ɗauka shagon turare ne, ashe na kyanwoyi ne. Ga gadon kyanwa, ga sabulun kyanwa, ga wata mage fara sol a kan katifar da ta fi tawa kauri tana harara ta. Mai shagon ya dubi abin hannuna ya ce akwai, ya jawo wani buhu mai hoton mage. Na ce na mene ne? Ya ce a kansa kyanwoyi suke bayan gida. A garinmu kyanwa ƙasa take tonawa ta rufe abinta ba ta nemi sisin kowa ba, a nan kuwa sai an sare bishiya a wata ƙasa an niƙa an sa mata turare. Na sayi buhu ɗaya na fita.

Zango na biyu can bayan gari ne, wajen masu kayan dawaki, domin an ce da irin ƙwayar nan ake yi wa doki shimfiɗa ta tsotse fitsari. A nan na haɗu da wani dattijo ɗan Yaman, shi ne mutum na farko a kasuwar Riyad da ya ce in zauna. Ya ba ni shayi mai madara, ya tambayi sunana na gaskiya, ya kuma kira ni da shi. Da ya ji abin da za a yi da kayan sai ya ɗauko kofin gilashi ya cika da ruwa.

"Shuf, ya Sabi'u," in ji shi, "duba nan."

Ya jefa 'yan ƙwayoyi, suka nutse, can suka kumbura suka koma garin katako fari tas, ruwan bai canja launi ba. Ya ce mai kyau ke nan. Ya karya wata, ta yi ƙas ta rabu biyu ba ta marmashe ba. Ya sa na shinshina, na ji ƙamshin shagon kafinta. Ya ce in na ga buhu rabinsa gari ne, ko ƙwayar tana yawo a saman ruwa, in bar wa mai shi kayansa. Bayan an ƙona kuma a duba toka, in ta yi yawa ko ta dunƙule kamar dutse, kayan banza ne.

Sannan ya ɗaga yatsa ya ce akwai wanda ruwa ba ya tona masa asiri. Wasu marasa tsoron Allah suna tattara tsofaffin kujeru da ƙofofi da katakon gini, da fentinsu da gam ɗinsu, su niƙa su matse. Gam ɗin ma shi ke sa ƙwayar ta yi ƙyalli ta yi tauri, ta fi ta kirki kyan gani. Wannan sai wuta ta ci shi, sai kan mutum da ƙirjinsa su ba da labari. Na gode masa, na sayi buhu ɗaya.

Zango na uku Manfuha, inda 'yan'uwanmu suke cunkushe a tsofaffin gidaje, kowane lungu ka ji Hausa kamar kana Fagge. Na je cin tuwo ne kawai don kewar gida ta dame ni, na yi suɓutar baki a gaban Ɗanliti. Ɗanliti ɗan garinmu ne, Ringim, ya daɗe a can, kuma irin mutanen nan ne da ko ƙahon zomo ka ce kana nema za su ce ka dawo da la'asar.

"Haba ɗan'uwa, kana da ni a garin nan kake kai wa Larabawa kuɗi? Wannan ai muna da shi mastoda guda, sito cike. Asli ne wallahi, na ainihi, mafi mushkila, ba wata matsala. Ni zan cuce ka? Kakarka da kakata fa rijiya ɗaya suka sha."

Ya kai ni wani sito mai duhu, ya nuno buhuna farare ba rubutu ba hoto. Ƙwayar tana ƙyalli kamar an shafa mata man shanu, kuɗinta kuwa bai kai rabin na sauran ba. Na tuna maganar ɗan Yaman, na kuma dubi fuskar ɗan garinmu yana rantsuwa da kabarin kakanni, sai fuskar ta rinjaya. Na ɗauki buhu ɗaya na gwaji.

Na dawo na zayyana wa Abu Nawaf duk abin da na koyo, da guntun Larabcina da nuni da hannu, har da zancen kai da ƙirji. Ya sa aka kawo kofuna uku. Na kyanwa ya narke ya bar ƙamshin lemo, ya ce a kai shara. Na ɗan Yaman ya yi kyau, amma da ya ji kuɗinsa sai ya ɓata fuska. Na Ɗanliti ya nutse tsaf, ya yi ƙas da aka karya shi, Abu Nawaf ya yi ta juya shi a hannu yana murmushi.

Washegari sai ga shi da mai gyara, an ɗauko ƙaramin murhun daga sito an nufo ɗakinmu. Aka fasa gilashin taga aka zura bututu, aka toshe gefensa da tsumma da salatif. Abu Nawaf da kansa ya nuna mana inda ake dannawa, ya ce sanyi ya yi yawa, mu ma mutane ne. Ya sa aka ajiye mana buhun Ɗanliti a bakin ƙofa. An ce ruwa ba ya tsami banza, amma wanda ya yi wata biyu yana kwana da rabin bargo ba ya tuna karin magana. Baba Sha'aibu har da ƙwalla.

"Ka gani ko, ɗana? Wanga bawan Allah shina da imani. Allah shi saka mashi da Aljanna."

Wutar ta kama, ɗaki ya yi ɗumi, sai kuma wari ya biyo baya. Ban san yadda zan kwatanta shi ba, kamar an haɗa sabon fenti da ƙonanniyar roba an yayyafa fitsarin doki. Gilashin murhun ya yi baƙi ƙirin kafin a je ko'ina. Na farka da asuba kaina kamar ana daka sakwara a ciki, harshena ɗaci, majinata baƙa. Baba Sha'aibu kuwa tari yake tun daga cikin cikinsa, har sai ya dafa bango.

Muna fitowa daga masallaci sai ga Abu Nawaf tsaye a ƙofar ɗakinmu. Mutumin da bai taɓa amsa sallamarmu da baki cikakke ba, yau shi ne da tambayar yadda muka kwana.

"Kef nom? Ras kwayyis? Sadar kwayyis?" Yana nuna kansa, yana nuna ƙirjinsa.

Me za mu ce? Duk wanda aka haifa a ƙasar Hausa ya san amsar. Ko a gadon asibiti aka tarar da mutum da robar ruwa a hannu, aka ce ina kwana, lafiya lau zai ce. Ka ce ya jiki, ya ce da sauƙi, ko da kuwa kafin azahar za a yi masa sutura. Balle babban mutum ya yi maka kyauta, ya tako da ƙafarsa ya gaishe ka, sai ka buɗe baki ka ce kyautarka wari take? Ai ba tarbiyya ke nan ba. Muka haɗa baki muka ce kwayyis, alhamdu lillahi. Ya buɗe murhun ya duba toka, ya gyaɗa kai ya tafi.

Haka aka yi ta yi kusan mako guda. Kullum da safe ya zo gaisuwa, kullum mu ce lafiya. Na ce wa Baba mu riƙa kashe abin nan mu koma wa bargonmu, ya ce in maigida ya ga buhu bai ragu ba zai ce mun raina alherinsa. Muka riƙa barin ƙofa a buɗe, sanyi ya shigo ta gaba, wari ya tsaya ta baya. Tarin tsohon ya ƙaru, ya koma in zai yi sai ya cusa fuska cikin bargo don kada a ji a cikin gida. Shi da ke wanke mota uku kafin rana ta fito, yanzu ɗaya ma sai ya zauna ya huta.

A mota na gane komai. Ina tuƙa Abu Nawaf zuwa wurin aikinsa yana waya da ƙaninsa, kuma su a wurinsu direba da sitiyari duk ɗaya ne, ba a rage murya dominsu. Larabcina bai kai na wa'azi ba, amma ya kai in ji wannan. Ya ce ya samo ƙwayar murhu mai araha. Ya ce bai yarda ya kai ɗakin Mama kai tsaye ba saboda fukarta, sai da ya fara gwadawa a kan ma'aikata. Ya ce ɗayansu ma tsoho ne, kuma kullum yana tambayarsu, ba ciwon kai ba tari. Jibi zai sa a kawo mota guda a fara zuba wa Mama.

Na ci gaba da tuƙi kamar ban ji ba. Ashe gaisuwar da muke ta murna da ita duba dabba ce, irin yadda ake ba akuya sabon ganye a koma gefe a ga ko za ta kumbura. Mu kuma, sakarkaru masu ladabi, muna ta sa masa albarka. Na ji ƙyamar mutumin, na ji ƙyamar Ɗanliti, na ji ƙyamar ɗumin da na kwana ina jin daɗinsa.

Da na dawo na samu Baba yana ban ruwa, na kwashe duka na gaya masa. Ya ci gaba da watsa ruwa da tiyo. Na ce gobe zan faɗa wa mutumin nan gaskiya, in ba haka ba tsohuwar da ke aiko mana da dabino ita za ta shaƙi wannan guba. Ya saki tiyon ya kama hannuna.

"Hwaɗa mashi, ɗana, ba mu bari a kashe baiwar Allah. Amma ka ce kai ɗaya ne. Kak ka sa sunana. In sunka ji ƙirjina, likita za su kai ni, in likita ya rubuta, sai gida. 'Yan watanni sunka rage. Ka bar ni in ga Ka'aba, bayan nan ko mi za a yi a yi."

Na yi masa alkawari. Daren nan ba mu kunna murhun ba, amma aikin gama ya riga ya gama.

Da safe Abu Nawaf ya zo cikin farar jallabiyarsa, ƙamshin turaren wuta na tashi. Kafin ya gama tambaya na ce masa kaina ciwo, ƙirjina ciwo, kayan nan mafi kwayyis, wato ba su da kyau, fenti ne da gam. Ya ɗaure fuska ya ce tun yaushe? Na ce tun ranar farko. Ya juya wajen Baba.

"Wa inta, ya shaiba?" Wato kai fa, tsoho?

Tsohon ya gyara tsayuwa, ya yi murmushi, ya buɗe baki zai ce lahiya lau. Tari ya riga maganar fitowa. Ya turnuƙe shi, ya durƙusar da shi, ya yi ta yi har wani baƙin kaki mai ɗigon jini ya faɗo a kan tayil, dab da takalmin maigida. Abu Nawaf ya yi tsalle baya, ya ja gefen ɗankwalin kansa ya toshe hanci.

Na zaci zai ji kunya. Ina! Faɗa ya kama yi. Mu ne maƙaryata, mu ne muka kusa kashe masa uwa. "Lesh kazzab? Na tambaye ku, kun ce kwayyis!" Mun ɓata masa gwaji, mun ɓata masa mako guda. Na so in ce masa a garinmu ba a amsa gaisuwa da ciwo, kuma ba a gwada guba a kan wanda ake gaisarwa, amma Larabcina bai kai nan ba, igamata kuma, takardar izinin zamana a ƙasar, tana hannunsa.

Ranar aka kai Baba asibiti, ni na tuƙa. Likita ya ce ba tarin fuka mai yaɗuwa ba ne, tsohuwar ƙurar sahara ce a huhunsa hayaƙin ya tayar, yana bukatar magani da hutu mai tsawo. Abu Nawaf bai ji komai ba sai kalmar hutu. Mai gadin da ba ya iya wanke mota, kuma yana tari kusa da sashen Mama, ba shi da amfani. Mama ta sa baki, aka ce mata ai don lafiyarsa ne, gara ya je cikin iyalinsa. Aka buga masa huruj, fita ba dawowa. Zancen tasrihi ko a bakin wani ban sake ji ba.

Na je Manfuha na sami Ɗanliti yana cin gurasa. Ya saurare ni har na gama, ya suɗe yatsa.

"To ni na ce ku rufe kanku da shi a ɗaki? Kayan shimfiɗar doki ne fa. Kai ma dai, Sabi'u, sai ka ce ba ɗan gari ba."

Ko tsinuwa ban tsaya yi masa ba, na ga asarar miyau ce. Abu Nawaf kuwa ya aike ni wurin ɗan Yaman na yi lodin mai tsadar, aka mayar da ƙaramin murhun sito, aka bar mu da fasasshiyar taga.

Ni aka sa in kai Baba filin jirgi. Kayansa duka jaka ɗaya ce da wani bargo sabo da Mama ta aiko masa. Muna cikin tafiya a babban titi sai ga wani koren allo a sama, an rubuta Makka al-Mukarrama, da kibiya ta nuna hannun da ake bi. Baba ya yi karatun allo, ya iya haɗa baƙi. Na ga leɓensa yana motsi.

"Ɗana, wagga hanya ita ka tahiya Makka?"

Na ce ita ce, Baba, amma da nisa ƙwarai.

"Bi da ni kaɗan. Ko yaya ne. In sun tambaye ni gida, in ce na kama hanya."

Na duba agogo, na kunna sigina na karya kan mota. Muka hau titin, muka fuskanci yamma. Tsohon ya cire hularsa ya ɗora a cinya, ya fara Labbaika a hankali, tari na katse shi yana sake ɗaukowa daga farko. Na rage gudu iyakar yadda zan iya, motoci na ta danna mini oda a baya, ban kula su ba. Na wuce mahaɗa ta farko, na wuce ta biyu. A ta uku lokacin jirgi ya matso, dole na juya.

Iyakar hajjin Baba Sha'aibu ke nan.